Araha Ba Ta Ado: Kayan Miya Da Aljihun Ma'aikaci A Ƙasar Fadama

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2024 na je Gulma ta'aziyyar wani ɗan'uwanmu. Da zan komo Birnin Kebbi sai na biya ta lambun wani ƙanen mahaifina a bakin fadama domin mu yi sallama. Na tarar da shi zaune a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kara, ga kwandunan tumatir jere a gabansa tun na tsinkar asuba, yana jiran motar da aka ce za ta zo ɗauka, har rana ta take ba ta zo ba. Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, a sayar mini da kwando guda in kai wa iyali." Sai ya yi murmushi irin na wanda abu ya ishe shi, ya ce, "Ɗana, kwashi abin da motarka za ta iya ɗauka. In ka bar shi nan ma rana ce za ta cinye shi." Da ƙyar na samu ya karɓi abin da na miƙa masa.

Wata huɗu bayan haka, a cikin Yuni, uwargidana ta ce mini, "Malam, kuɗin cefanen nan fa sun daina kai mu ko'ina." Da yake Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, sai na ɗauki jaka na nufi kasuwa da kaina. A nan na ga an kasa tumatir 'ya'ya huɗu, biyar, waɗansu ma sun fara lugwigwita, a kan kuɗin da ko a mafarki Baffana bai taɓa tsammanin za a sayar da abin da ya noma ba. Na yi tayi, mai kayan ya ce, "Albarka, Alhaji. Wallahi yadda muka saro ke nan." Na kuwa yarda da shi, domin a daidai wannan lokaci jaridu suna ta ba da labarin cewa babban kwandon tumatir ya haura Naira dubu 100 a kasuwannin Legas, har Ministan Aikin Gona, Sanata Abubakar Kyari, ya fito yana ɗora laifin a kan tsutsar nan mai cinye ganyen tumatir.

Tun daga wannan rana nake juya wata tambaya a raina, ita ce kuma nake son mu duba tare da mai karatu a wannan fili. Yaya aka yi mutumin da ke zaune a kwarin Rima, inda ake noman albasa da tumatir da tattasai da attarugu ana loda wa manyan motoci zuwa Kudu, ya wayi gari miyar gidansa ta zama abin da ake yi wa dabara? Kuma ina ya kamata ya nemi araha, a kasuwar da ya gada ko a kantunan zamani da ke ta tsirowa a biranenmu?

Da farko dai, ya kamata mu san cewa maganar ta wuce ta daɗin baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa Jihar Kebbi ce ke kan gaba a duk Nijeriya wajen yawan yaran da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, wato kashi 66 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan fa a jihar da ake yi wa kirari da shinkafa da kifi da albasa. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100, kuma mafi ƙarancin abin da babban mutum zai kashe ya ci lafiyayyen abinci a yini guda ya kai Naira 1,241 a matsakaicin lissafi na ƙasa baki ɗaya. Shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ce ta fi ko'ina sauƙi a wannan ƙididdiga. To, ko da mun ɗauka Naira 900 ce a nan, gidan da ke da manya huɗu kawai, ba a sa yara ba, yana bukatar Naira dubu 108 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kebbi ta amince da shi a wannan shekarar Naira dubu 75 ne. Ashe ke nan abinci ya fi araha a wurinmu, amma mu ne muka fi kasa sayensa. A irin wannan hali, abin da magidanci ke fara yankewa shi ne kayan miya da ganye da 'ya'yan itace, ya bar tsabar hatsi, domin tuwo ne ke kwantar da kukan yaro da dare. Abin da ya rage a jikin yaron kuwa sai bayan shekaru ake ganinsa.

Waɗanda suka yi karatu ko suka je ziyara a Turai sukan dawo da labarin kantunan rangwame, irin su Aldi da Lidl na ƙasar Jamus, inda talaka da mai hali suke haɗuwa suna sayen kayan lambu a kan farashin da ya gaza na sauran kantuna. Na sha jin abokai suna cewa da za a kawo mana irinsu da mun huta. Sai dai kafin mu yi sha'awar gini, yana da kyau mu dubi harsashinsa. 'Yan'uwan nan biyu, Karl da Theo Albrecht, waɗanda suka karɓi shagon mahaifiyarsu a garin Essen bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun gina kasuwancinsu ne a kan abubuwa 'yan kaɗan: a taƙaita nau'in kayan da ake sayarwa, a sayo su da yawan gaske kai tsaye daga masu samarwa, a rage ma'aikata da ƙawa, a bar kaya cikin kwalayen da suka zo, a ci riba kaɗan a kan ciniki mai yawa. Amma duk wannan yana tsaye ne a kan abubuwan da kantin bai gina da kansa ba, wato wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da motoci masu sanyi, da hanyoyi masu kyau, da manoma waɗanda ke da ƙungiya da yarjejeniya a rubuce, masu iya kawo kaya iri ɗaya kowane mako daga farkon shekara har ƙarshenta.

A ƙasarmu kuwa, mai kanti shi ne kamfanin wutar kansa, shi ne hukumar ruwan kansa, shi ne kuma ɗan sandan kansa. Duk litar dizal da janareta ya sha domin firji ya yi sanyi, a kan kabeji da karas ɗin da ke ciki za a fanshe ta. Shi ya sa kantin zamani a garuruwanmu yakan iya yin gogayya da kasuwa wajen sabulu da madara da taliya, amma ba ya iyawa wajen kayan gwari. Sau da yawa ma yaron kantin ne zai je kasuwar da ni da kai muke zuwa da sassafe, ya saro, a wanke, a naɗe a leda, a manna farashi. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu, wanda ya shigo Nijeriya a 2005, ya buɗe reshe a Kano a 2014, ya sayar da harkarsa ta Nijeriya ga 'yan kasuwar cikin gida a 2021, kuma a watan Janairun 2024 aka rufe reshen na Kano. Idan birni mai yawan jama'a da dukiya irin Kano bai riƙe shi ba, to bai kamata mutumin Argungu ko Birnin Kebbi ya zauna jiran irinsa ba. Gwamnatin Legas ta gwada wata hanyar a watan Maris na 2024, inda ta buɗe kasuwannin Lahadi da ta kira Ounje Eko, ana sayar da kayan abinci da rangwamen kashi 25 cikin 100. Ya taimaki waɗanda suka samu, amma rangwame ne da baitulmali ke biya, kuma irin wannan yakan tsaya ranar da kuɗin suka tsaya.

Gaskiyar magana ita ce, mu muna da kantin rangwamenmu tun kafin a haifi 'yan'uwan nan na Jamus, shi ne kasuwar ƙauye. Duk dabarun da na lissafa a sama suna cikinta: babu kuɗin haya mai nauyi, babu firji, babu ƙawa, kaya na fitowa daga lambu da asuba su isa rumfa da hantsi, ga tayi, ga gyara, ga kuma bashi idan an san ka. Abin da ta rasa shi ne daidaito. Yau kaya sun yi yawa har ana zubarwa, gobe sun yi ƙaranci har ana rububi. Don haka tambayar da ta dace ita ce, me ke cin kuɗin tsakanin lambun Baffana da tukunyar uwargidana?

Na farko shi ne lokaci. Tumatirin noman rani yana cika kasuwa ne daga wajen Janairu zuwa Maris ko Afrilu. Da zafin bazara ya tsananta, damina kuma ta kama, sai ya yi wuya har zuwa kaka. Albasa ma haka take, ana cire ta da rani ta yi arha, sannan ta yi ta hawa har zuwa ƙarshen shekara, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2024 lokacin da buhunta ya ninka kuɗinsa har kowace uwargida ta ji a jikinta. Wannan ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun san shi, shi ya sa suka ƙirƙiro kauɗa da gabu da busasshiyar kuɓewa da garin kuka, manoman albasa na Aliero da kewaye kuma suka ƙirƙiro rudu domin ajiya. Abin da ya sauya shi ne yawan bakunan da ke jira a birane, da kuma yadda mu 'yan boko muka saba da ɗanyen tumatir wata goma sha biyu.

Na biyu shi ne mai. Tun daga shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, ƙaramin injin ban ruwa da 'yar rijiyar da ake haƙawa a gona suka maye gurbin jigo a kwarin Rima. Wannan ya faɗaɗa noman rani ƙwarai, amma ya ɗaure shi da fetur. Da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 a cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Tumatir guda yana shan fetur sau uku kafin ya iso gidanka: a injin ban ruwa, a babur ko a-kori-kurar da ta fito da shi daga fadama, da motar da ta kawo shi gari. Ba mamaki da muka ga manoma suna juya injinansu zuwa tukunyar gas, waɗansu kuma suna rage faɗin abin da suke shukawa.

Na uku shi ne asara. Masana sukan ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan yana lalacewa kafin ya kai ga mai ci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan motar da ta yi lodin kwanduna, wani a kan wani, ya ga ruwan da ke tsiyaya daga ƙasanta, ba ya bukatar masani ya gaya masa. Kwandon gargajiya yana da araha, amma na ƙasa shi ke ɗaukar nauyin na sama, tsinkensa kuma yana huda kayan. Ɗan gwarin da ya san cewa kashi ɗaya cikin uku na kayansa zai ruɓe, dole ne ya ɗora kuɗin ruɓaɓɓen a kan mai kyau. Saboda haka duk lokacin da ka sayi kashin tumatir, ka biya har da wanda aka zubar a juji.

Na huɗu shi ne ruwa da tsaro da iyaka. Ambaliyar 2010, wadda ta biyo bayan cikar madatsar ruwa ta Goronyo, da ta 2020 wadda rahotanni suka ce ta shafe fiye da kadada dubu 400 na shinkafa a Jihar Kebbi, sun nuna cewa gulbin da ke ciyar da mu yana iya raba manomi da jarinsa a dare guda, kuma wanda damina ta karya ba ya da abin shiga noman rani. Aikin madatsin fadamar Zauro, wanda aka tsara tun shekaru masu yawa domin sarrafa wannan ruwa, bai wuce ɗan gwajin da aka yi a farkon shekarun 1980 ba. A watan Nuwamba na 2024 'yan ta'addar Lakurawa suka kai hari garin Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, suka kashe mutane. Manomin da ke tsoron kwana a lambu ba zai yi ban ruwan dare ba. Ga kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 har zuwa Maris na 2024, waɗanda suka tsayar da zirga-zirgar da mutanen Kamba da Gaya suka gada tun kafin a ja layin iyakar. A kan duk waɗannan sai a ƙara shingayen hanya da rasit iri-iri da direba ke yanka tun daga kasuwar ƙauye har inda zai sauke.

A nan ne nake son in ja hankalin 'yan'uwana ma'aikata a kan wani abu da ba mu cika son ji ba. Ba kowace araha ce alheri ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha da ke Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a can, a nan kuwa tumatir da albasa suka faɗi warwas. Mu masu albashi muka yi ta murna muna cika buhuna, manoma kuwa suna kallon guminsu yana ruɓewa. Haka kuma bayan da Gwamnatin Tarayya ta ba da damar shigo da waɗansu nau'o'in hatsi ba tare da haraji ba na kwana 150 a 2024, farashin hatsi ya sauko a 2025, birni ya numfasa, amma manoman shinkafa na wannan kwari suka yi ta kukan cewa abin da suka sayar bai mayar da kuɗin taki da mai ba. Manomin da ya faɗi bana, baɗi zai rage gona, ko ya jinginar da ita, ko ɗansa ya tafi ci-rani ya bar ta. Arahar da aka samu ta hanyar karya manomi bashi ce, kuma mu ne za mu biya ta da tsadar shekara mai zuwa. Kwandon da Baffana ya kusa ba ni kyauta a Fabrairu, shi ne na biya kuɗinsa a Yuni.

Mutane da yawa sukan ɗora laifin duka a kan dillalai. Ba na wanke su. Akwai masu tare manomi tun a bakin gona su ɓoye masa farashin gari, akwai masu ba shi bashin taki da sharaɗin ba zai sayar wa kowa ba sai su, akwai masu cika ƙasan kwando da ƙanana su jera manya a sama. Addininmu ya hana tare masu kawo kaya kafin su iso kasuwa, ya hana ɓoye abinci domin ya yi tsada, ya kuma yi kakkausan gargaɗi ga masu tauye mudu. Amma adalci shi ne mu tuna cewa dillali yana yin aikin da babu wanda ya yarda ya yi: shi ke ba da bashin da banki ya hana, shi ke nemo mota, shi ke ɗaukar asara idan ta lalace a hanya. Ƙarfinsa ya samo asali ne daga raunin manomi, wanda ke riƙe da kayan da ba za su kwana uku ba, ba ya da wurin ajiya, ba ya da labarin farashin Jega ko Sakkwato ko 'Yankaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A toshe tsagar, dillali zai koma matsayinsa na mai cin la'ada.

Gwamnatocinmu ma suna da nasu kason. A Jihar Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. A 2016 aka fito da shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe katafaren kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu. Duk waɗannan abin yabo ne. Amma shekara goma hankalin hukuma yana kan shinkafa, kamar ita kaɗai ake ci. Mai lambun tattasai da mai zogale da mai alayyafo ba su da shiri, ba su da rance, ba su da malamin gona. Hatta babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, wadda za ta ratsa jiharmu, amfaninta ga manomin Gulma ya dogara ne a kan 'yar hanyar da za ta fito da shi daga fadama zuwa bakin titi.

Mu kanmu fa? Da yawa daga cikinmu mun ɗauki shiga kasuwar gwari a matsayin zubar da girma. Mukan aiki yaro ko direba, sannan mu yi ta ƙorafin tsada. Idan mun shiga kanti mai sanyi mukan biya abin da aka rubuta ba tare da ko tari ba, amma idan muka tsaya gaban tsohuwar da ta ɗauko tallan rama tun daga ƙauye a ƙafa, sai mu tuna da ciniki, mu yi ta ja har sai ta sallama a kan faɗuwa. Mun raina zogale da yakuwa da lalo da tafasa da kabushi, muna ganinsu abincin talaka, muna neman tufa da inabin da aka yi wa jigila daga wata ƙasa, alhali likitocin cikinmu sun san abin da ganyen nan ke ɗauke da shi.

To, mene ne abin yi? A matakin gida, shawarata ita ce mu koma bin kalandar fadama. Idan kaya suka yi yawa a watannin sanyi, a sayi kwando maimakon kashi, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta a bisa wani abu mai tudu, ba a gefen titi ba, ko a markaɗa a dafa har ya yi kauri a zuba a kwalaben da aka tafasa. Ma'aikatan ofis guda ko maƙwabta biyar, shida, suna iya haɗa kuɗi kamar adashi, mutum guda ya je kasuwar ƙauye ranar cinta ya saro buhun albasa da kwandon tattasai a raba, kuɗin mai ya rabu a kan kowa. Wanda ke neman mai kyau ya je da safe, wanda ke neman sauƙi ya je da yamma lokacin da mai kaya ke son tashi, amma a guji fasasshen tumatir da ya fara furfura, domin abin da aka rage a kasuwa ana iya biyansa ninki a asibiti. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Wanda ba ya da tabbacin wuta ya tuna da dabarar marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kayan lambu su yi kwanaki ba su yi yaushi ba. Kuma duk gidan da ke da ɗan fili bai kamata ya rasa bishiyar zogale ba.

A matakin hukuma kuwa, ba na roƙon a ƙayyade farashi, domin an gwada a ƙasar nan a baya, kaya suka ɓace daga rumfa suka koma bayan fage. Abin da nake roƙo ƙanana ne, kuma ana iya ganinsu da ido. A faɗaɗa rabon injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana da gwamnatin Dokta Nasir Idris ta fara, a tabbatar sun isa hannun mai lambu na gaskiya. A gina rumfuna masu inuwa da ɗakunan sanyi masu amfani da hasken rana a manyan kasuwannin gwari, a ba 'yan kasuwa su gudanar da su a kan kuɗin haya na kwana, kamar yadda kamfanin ColdHubs ya nuna yana yiwuwa a waɗansu kasuwannin ƙasar nan. A samar da akwatunan roba na haya a madadin kwando. A inganta rumbunan albasa. A haɗe harajin kasuwa da na hanya ya zama rasit guda. Gidajen rediyon jiha su riƙa karanta farashin manyan kasuwanni kowace safiya da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci, domin manomi ya san abin da kayansa ke yi kafin mai saye ya iso. Masarautunmu kuma, ta hannun sarakunan kasuwa, su tsaya a kan mudu da sikeli guda, domin wannan aikinsu ne tun asali.

Ba na cewa waɗannan za su sa tumatir ya yi araha a watan Yuni kamar Fabrairu. Abin da za su yi shi ne su rage zurfin ramin da manomi ke faɗawa da rani, su rage tsawon tudun da magidanci ke hawa da damina, har a samu farashin da mai noma zai iya rayuwa a kansa, mai saye kuma zai iya jurewa. Da na koma Gulma da ranin da ya biyo baya, na tarar Baffana ya rage tumatir ya ƙara albasa, domin a cewarsa ita ko ba komai tana jiran mai saye. Na sayi buhu guda a kan farashin da ya faɗa, ban yi tayi ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba na ƙasa da su, Ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, amin.